Rana Na Fitowa Na Haife Shi

Shafi na 31

Masu zagin Saude a sharhi, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Wata har cewa ta yi wai uwar da ta iya shekara goma sha tara ba ta kira sunan ɗanta ba, dutse ne a ƙirjinta. To 'yar uwa, gyara zama ki karanta na yau, in kin gama ki dawo mu yi magana.

Sabbin zuwa kuma ga inda aka kwana. Arzika ɗan farin Saude ne. Ana yaye shi aka ɗauke shi daga Bungudu aka kai shi Tsafe wurin gwaggonsa Hanatu, saboda Malam Haruna mai lissafin taurari na Gusau ya ce in yaron ya kwana gida ɗaya da ubansa Labbo, uban ba zai kai labari ba. Da daminar nan Arzika ya saci jiki ya zo ganin uban, ruwan sama ya tsare shi ya kwana a zaure. Kwana tara tsakani Labbo ya rasu. Jatau, wan Labbo, ya kori yaron a gaban masu zaman makoki.

Mu je zuwa.

*

Washegarin ranar da Saude ta fita takaba ta ɗora wani ɗan ƙulli a ka, ta kama hanyar Gusau tun da asuba. Ko sallama ba ta yi wa Jatau ba. Iya Dije kaɗai ta ja don ta raka ta, tsohuwar ungozomar Nahuce, garin iyayen Saude, wadda ta karɓi haihuwar Arzika da hannunta.

Rana ta kusa tsaka suka isa zauren Malam Haruna. Tsufa ya ci shi, farar yana ta rufe masa ido ɗaya ruf. Saude ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ja mayafi.

"Allah gafarta Malam, ni ce matar marigayi Labbo na Bungudu."

Malam ya ɗaga kai yana tuno.

"Labbo... mai ɗan da anka kai Tsafe? Na ji rasuwar. Allah shi yi mai rahama."

"Amin. Tambaya ɗaya ta kawo ni, Malam."

"Ina jin ki, ɗiyata."

"Wanda anka ce a raba su da shi ya riga ya kwanta dama. Shin yaron... ɗan Yaya Hanatu... yana iya dawowa wurina? Ko ni ma tauraron ya hana?"

Kun ji fa. Ɗan Yaya Hanatu. Ko a nan ɗin bakinta bai iya cewa ɗana ba.

"Yayan marigayi ya ce wanda ya gama da uba, uwa ce ta rage mai," in ji Saude. "Ni ba mutuwar nike tsoro ba. In kwana ɗaya zan yi da shi in mutu, wallahi na yarda. Abin da nike gudu a ce shi ya kashe ni, shi ƙara ɗaukar wani kaya bisa wanda ke kansa."

Malam ya miƙa hannu bayansa. Ya jawo wata tsohuwar gafaka ta fata, ya daɗe yana tona takardu, har ya zaro wata da gefenta ya fara cinyewa. Ya shimfiɗa ta a kan buzu ya tura ta wajen haske.

"Matso ki gani. Wanga zane gida goma sha biyu ne. Duk ɗan da anka haifa, a sa'ar da ya faɗo duniya taurari bakwai na zazzaune cikin gidajen nan, kowane da inda ya sauka. Na farko gidan ran yaro ne. Na huɗu gidan uba."

Ya ɗora yatsa a ƙasan zanen.

"Ga Mirriku nan, jan tauraro, mai wuta da jini. Ga shi daram cikin gidan uba. Ga kuma Zuhalu can sama, mai nauyi da sanyi, yana kallonsa ido da ido. In su biyun nan sunka fuskanci juna haka, ba a so."

"Na ji wannan tun ina da goyo. Uwa fa, Malam?"

Malam ya mai da yatsa saman zanen.

"Gidan uwa shi ne na goma."

"To?"

"Can Zuhalu yake zaune."

Ba ta yi kuka ba. Hannunta kawai ta kai ta dafa bangon zauren. Iya Dije ce ta fara share hawaye da bakin zane.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata," in ji Malam. "Ba da son raina na zana ba, abin da sa'arsa ta ba ni ke nan. Ga shi na rubuta a sama da hannuna. Ranar Talata, bakwai ga watan Rajab, da la'asar sakaliya."

Saude ta ɗago kai.

"Wa anka haifa da la'asar?"

"Yaron mana."

"Wane yaron?"

"Ɗan Labbo."

"A'a, Malam. Sai dai ka ɗauko takardar wani."

"Ɗiyata, ga sunan uban, ga sunan gari..."

"Rana na fitowa na haife shi!"



Ita kanta sai da ta razana da jin abin da ya fito daga bakinta. Shekara goma sha tara ba ta taɓa cewa na haife shi ba a gaban ɗan Adam.

Malam ya gyara zama.

"Mi kinka ce?"

"Na ce rana na fitowa. Kwana biyu ina naƙuda a ɗakin Innata a Nahuce. Ana sakin awaki ya faɗo, ina jin kukansu. Hasken rana ya shigo ta ƙofa ya sauka bisa ƙafarsa. Ƙafar na fara gani. Na yi maza na kau da kai don kada Iya ta ga ina kallo."

Ta juya.

"Iya, ga ki zaune. Faɗa mai."

Iya Dije ta sunkuyar da kai tana murza yatsu.

"Iya?"

"Haka ne... ɗan dai da sassafe ya faɗo."

"To la'asar ɗin daga ina ta fito?" Malam ya tambaya, muryarsa ta canza.

"Mabiya ce ta ƙi faɗowa, Malam. Ɗa ya fito, ita ta tsaya a ciki. Yarinyar nan numfashinta sama-sama, jini na zuba. Wa ke cewa mace ta haihu mabiya na cikinta? Ai ba ta sauka ba tukuna. Ban yanke cibi ba, ban bari ko kaza ta fita da maganar ba. Na ba ta jiƙo, na sa ta hura kwalba, na yi duk abin da na gada. Sai la'asar sakaliya Allah ya kawo sauƙi ta faɗo, na rangaɗa guɗa."

"Sai mi?"

"Jatau na ƙofar gida yana jira, an aiko shi daga Bungudu. Ya ji guɗa ya ce min, Iya yanzu ne? Na ce yanzu ne."

Malam ya tafa hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baiwar Allah, ni faɗowar ɗa nike lissafawa, ba faɗowar mabiya ba!"

"Wa ya gaya min?" Iya Dije ta fashe da kuka. "Ni na san lissafinku? Haihuwa ta fi ɗari na karɓa, haka nike faɗi, haka uwata take faɗi. Ku maza kun taɓa tambayar ungozoma mi ake kira haihuwa?"

Malam ya juya ga Saude.

"Ke kuma duk tsawon shekarun nan ba ki taɓa faɗi ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

"Ai ke ce uwa..."

"Ɗan fari ne, Malam. Nono ma a ɓoye nike ba shi. In ya yi kuka cikin mutane tashi nike in bar wurin. An ce min malam ya duba, ba a ce min da wace sa'a ya duba ba. In buɗe baki gaban surukai in tambayi zancen ɗan fari? Ai da sun ce an auro musu marar kunya."

Ta yi wata irin dariya mai ciwo.

"Har yabona ake a Bungudu. In ana faɗa wa amare kunya, ni ake nunawa."

Jama'a, a nan sai da na ajiye waya na share idona. Masu cewa dutse ne a ƙirjinta, kuna nan?

Malam Haruna ya jawo allo da tawada. Ya sake zana gidaje goma sha biyun. Ya buɗe wani tsohon littafi, ya ƙirga da yatsu, ya goge, ya sake ƙirgawa. Aka kira azahar bai ji ba. Saude na durƙushe tana bin bakin alƙalamin da ido, ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa ba.

Can ya ajiye alƙalamin.

"Tsakanin fitowar rana da la'asar sakaliya, sama ta juya gida biyar."

"Ban gane ba."

"Kowane tauraro na ajiye shi gidan da ba nasa ba. Dukkansu."

Ya nuna ƙasan allon.

"Ga gidan uba. Babu Mirriku a ciki. Mushtari ne a nan, tauraron alheri da wadata. Mai irin wagga haihuwa shi ake cewa garkuwar ubansa."

Iya Dije ta ɗora hannu a ka.

"Uwa fa?" Saude ta tambaya a hankali.

"Wata ne a gidan uwa, ba abin da ke kallonsa da sharri."

"Wato da an bar min shi..."

"Da ba abin da zai same ku ta wajensa."

Saude ta miƙe tsaye. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da namiji ba, yau ga ta tsaye a kan malami.

"Ruwa ya doki marigayi a gona. Ciwon haƙarƙari ya kama shi, kowa ya gani. Amma takardarka ta fi idon mutane ƙarfi."

"Rai na hannun Allah, ɗiyata. Kwanan Labbo ne ya ƙare. Shi wanga ilimi ƙiyasi ne kawai..."

"Yau ka san ƙiyasi ne? Ran da anka ɓamɓare shi daga bayana yana riƙe da bakin zanena, mi ya hana ka ce ƙiyasi ne?"

Malam ya sunkuyar da kai, hawaye na gangara cikin gemunsa.

"Ka san mi ya faru ran makoki?" in ji Saude. "Yayan marigayi ya kama wuyan rigarsa yana jan shi waje. Da sunka zo daidai ƙofar ɗakina yaron ya tirje. Ya tsaya yana kallona. Jira yake in ce wani abu, ko da a'a ce. Ni kuma na sunkuyar da kai, don mata sun cika ɗakin."

Nan kukan ya ƙwace mata. Kukan shekara goma sha tara ne, ba ya tsayuwa. Iya Dije ta rarrafo ta kama ƙafarta tana cewa ki yafe min Saude, ki yafe min. Saude ba ta ture ta ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

"Akwai saura," in ji Malam.

Ta share fuska.

"Mi kuma ya rage?"

"Mirriku bai fita daga zanen ba. Gida kawai ya sake."

"Ina ya koma?"

"Gida na tara. Gidan tafiya mai nisa. Zuhalu na nan yana kallonsa ido da ido."

"Faɗa min da Hausa, Malam."

"Yaron da ya kamata a riƙe shi gida ne. Lafiyarsa na gaban iyayensa, hatsarinsa na bisa hanya. Mu kuma munka kore shi."

Ni dai ban ce taurari na kashe mutum ba, wanda ya ba da rai shi ke karɓar abinsa. Amma ku sa kanku a matsayin uwar da aka gaya wa wannan magana.

Malam ya kwafe sabon zanen a takarda ya naɗe ya miƙa mata.

"Ki kai wa Jatau, ki ce ni na ce na yi kuskure. Amma ki fara kai wa yaron. Kada ki bari shi yi nisa da gida."

Ta karɓa ta cusa a cikin ƙullin kanta. Ta dubi Iya Dije, ƙafafun tsohuwar sun kumbura sumtum.

"Iya, ki zauna nan. Tsafe za ni."

*

A bakin gari ta tarar da wasu fatake masu jakuna za su Tsafe, ta bi su. Rana na faɗuwa madugun ya ce a yada zango.

"Baba, don Allah mu ƙara gaba."

"Dabbobi sun gaji, baiwar Allah."

"To nuna min hanya in wuce ni kaɗai."

"Mace ɗaya cikin wanga daji? Ba a gabana ba. Tsafe ba guduwa za ta yi ba."

Haka ta haƙura ba don ta so ba.

Washegari suka yini suna tafiya. Ƙafarta ta fashe, ba ta ko kula ba. Duk hanya magana ɗaya take maimaitawa a ranta. In na gan shi zan kira sunansa. Ko gaban wa ne zan kira.

Ta tarar da Hanatu, yayar mijinta, zaune a tsakar gida da turmi a gabanta, gero a ciki, taɓarya a yashe a ƙasa. Idanunta sun kumbura.

"Saude? Ke ce da kanki?"

"Yaya, ina yake?"

Hanatu ta kau da kai.

"Yaya, ina yake? Malam ya sake lissafi, ga takarda. Ba shi ba ne. Tun farko ba shi ba ne, sa'ar ce anka ba da ba daidai ba!"

"Wayyo Allahna..."

"Kira min shi. Yana gona ne?"

"Ya tafi, Saude."

"Ya tafi ina?"

"Ayarin masu zuwa Makka a ƙasa sun kwana a bayan gari. Ya ɗaura kaya bisa jakinsa mai yankakken kunne ya bi su. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na kama ƙafarsa. Ya ce min, Gwaggo, mai jinin uba a wuya ba shi da wurin wanka sai can. Ya ce ko ya isa ko bai isa ba, kada a sa ran dawowarsa."

Ƙullin ya suɓuce daga kan Saude ya faɗi ya kwance. Takardar Malam ta fito, ga kuma wata farar rigar saƙi sabuwa fil.

Hanatu ta dubi rigar ta sake rushewa da kuka.

Bari in gaya muku zancen rigar nan, don ban taɓa faɗa muku ba. Duk shekara Saude na kaɗa zare da hannunta, ta ba masaƙi a ɓoye, ta aika Tsafe. Ta sa Hanatu rantsuwa cewa ba za ta taɓa faɗa wa yaron daga inda rigar take fitowa ba.

"Ta bara ce a wuyansa ya tafi," in ji Hanatu. "Ya ce ita zai sa don ni na yi mai. Sau uku ina buɗe baki in gaya mai, sai in tuna rantsuwar da kinka sa ni."

"Bai... bai bar min magana ba?"

"Ya bari."

"Faɗa min."

"Ki bar shi kawai, Saude."

"Yaya, don girman Allah."

"Ya ce, ki gaya wa matar Baba ta yafe min, na kashe mata miji. Na san dama can ba ta son ganina."

Matar Baba.

Saude ta dafe ƙirji ta durƙushe.  Da ƙyar ta tattaro numfashi.

"Yaushe sunka tashi?"

"Yau ɗin nan."

"Da wane lokaci?"

"Rana na fitowa."

Saude ta ɗaga kai ta dubi sama. Rana ta yi ja, ta sauko bisa duwatsun Tsafe. La'asar sakaliya ce.

Ta zabura ta fita da gudu, mayafi ya zame ta bar shi nan. Hanatu na bin ta tana kira. Ta ratsa ta gaban masallaci maza na zazzaune, ta wuce mata a bakin rijiya, ba ta ga kowa ba. A ƙarshen gari ta haye wani dutse da ke kallon hanyar gabas.

Hanya fetal, babu ko mutum ɗaya.

Ta cika ƙirjinta da iska.

"ARZIKA!"

Dutsen da ke gefe ya maido mata da sunan.

"Arzika! Ni ce! Ni ce Innarka!"

Mutane suka fara taruwa a ƙasa. Wata mata da tulu a ka ta ce, "Baiwar Allah, wa kike kira haka?"

"Ɗana," in ji Saude. "Ɗan farina. Ni na haife shi."

Hanatu ta iso tana haki. Ta kama hannun Saude za ta sauko da ita, sai ta tsaya cak. Ta kare ido da tafin hannu tana duban ƙarshen hanya.

Wani abu ne ke tahowa a hankali. Jaki ne shi kaɗai, kaya na ɗaure a bayansa sun karkace gefe ɗaya, igiya na jan ƙasa. Babu kowa a gabansa, babu kowa a bayansa.

Yatsun Hanatu suka nutse cikin damtsen Saude.

"Saude... dubi kunnensa."